Takardar gwajin fiya-fiya a wake: yadda wata ɗalibar kemistiri ta yi fama da zafin Garwa

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa haifaffiyar Garwa ce, daga gidan Hausawa 'yan kasuwa. A nan ta yi lise, wato babbar sakandare, ta ci bak, jarrabawar kammala ta, a ɓangaren kimiyya, sannan ta wuce ɗaya daga cikin jami'o'in gwamnati na arewacin Kamaru. A lokacin biyu ne kacal: ta Ngaundere, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, da ta Marwa da aka kafa a 2008. Ta Garwa sai 2022 ta zo. Digirinta na farko da na biyu duk a kemistiri ne, kuma a na biyun ta karkata ga reshen awo da tantancewa, wato ilimin gano mene ne a cikin abu da kuma yawansa.

A ƙarshen 2018 gwamnati ta sanar da cewa za ta ɗauki masu digirin dakta 2,000 aikin koyarwa a jami'o'inta cikin shekara uku. Sanarwar ta sa matasa da yawa komawa karatu, har da ita. Ba ta da tallafin kowa. Tana koyar da kimiyya a wata makarantar kuɗi, da wannan take biyan haya da rajista.

Batun binciken daga gida ya fito. Kawunta dillalin hatsi ne, kuma tun tana ƙarama take ganin yadda ake fama da ƙwaron wake, wanda cikin 'yan watanni yakan mayar da buhu gari da ramuka. Wasu masu ajiya sukan yayyafa wa waken fiya-fiya, wato sinadarin dikulorbos, maganin da ba a yi shi don abincin da za a kai tukunya ba. Matsalar ba ta Kamaru kaɗai ba ce. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda wannan sinadari ya wuce iyakar da ta sa, miligiram 0.01 a kowane kilo. Na'urar da ke auna irin wannan ɗan adadi, ta kuromatografi, tana da tsada, tana son iskar gas mai tsabta da wutar da ba ta yankewa. Tambayarta ita ce ko za a iya yin ƙaramin abin gwaji da zai nuna gurɓataccen wake tun a kasuwa.

Irin wannan abin gwaji shi masana ke kira biyosensa: a ɗauko wani abu daga jikin halitta, yawanci enzayim, wato furotin da ke hanzarta wani aikin sinadarai a jiki, a haɗa shi da abin da zai juya aikinsa ya zama launi ko siginar lantarki. Leland Clark da Champ Lyons ne suka fara bayyana dabarar a Amurka a 1962, kuma 'yar na'urar da masu ciwon suga ke auna jininsu da ita daga can ta samo tushe.

2019: tsarin farko

Tsarin da ta rubuta da malamin da ke duba aikinta ya bi hanyar da ta fi yawa a mujallu. Akwai enzayim mai suna asetilkolinesteras, wanda ke aiki a jijiyoyin ƙwari da na mutane. Dikulorbos da 'yan uwansa suna kashe ƙwaro ne ta hanyar toshe shi. Saboda haka in an ɗora enzayim ɗin a kan ɗan farantin lantarki, aka ɗiga ruwan wankin wake, raguwar aikinsa za ta nuna yawan gubar.

Abubuwa biyu tsarin ke bukata: na'urar auna ƙaramar wutar lantarki da ake kira fotenshiyostat, da enzayim ɗin kansa. Na'urar akwai guda a wani ɗakin gwaji, amma ɗalibai da yawa ke layi a kanta, sai ta samu rana ɗaya a mako. Enzayim kuwa daga wani kifi mai wutar lantarki na Kudancin Amurka ake ciro wanda ake sayarwa, kuma masu sayarwa suna sharɗanta a ajiye shi a digiri 20 ƙasa da sifili.

An yi oda ta hannun wani ɗan kwangila. Kwalin ya sauka a kudu, ya yi makonni kafin a gama takardun fito da shi, ya hau jirgin ƙasa, ya iso da ƙanƙarar cikinsa ta zama ruwan ɗumi. Ta gwada shi da hanyar George Ellman ta 1961, wadda ke ba da launin rawaya in enzayim na aiki, a auna zurfinsa da haske mai tsawon zango nanomita 412. Enzayim ɗin yana da rai, amma ƙarfinsa bai kai abin da aka rubuta a jikin kwalbar ba. Da shi ta yi aikin sauran shekarar, ta samu layin awo mai kyau, wato jadawalin da ke nuna yadda aikin enzayim ke raguwa in guba ta ƙaru, da tsantsar dikulorbos a ruwa mai tsabta. Wake ko ƙwaya ɗaya bai shiga gwajin ba tukuna.

2020: shekarar da aiki ya tsaya

Ranar 18 ga Maris 2020 Kamaru ta rufe iyakokinta da makarantunta saboda korona. Jami'o'i ba su buɗe ba sai 1 ga Yuni. Wannan ya faɗo daidai tsakiyar bazara, lokacin da ruwan madatsar Lagdo ke ja baya. Madatsar, wadda aka gama a 1982 a kan kogin Binuwai, ita ce ginshiƙin wutar arewacin ƙasar, kuma in ruwa ya yi ƙasa sai a shiga rabon wuta. Firizar da enzayim ɗin ke ciki ta narke ta daskare ba adadi, babu kowa a wurin. Da ta dawo ta gwada, ruwan ya tsaya fari tas.

Sauran shekarar ta tafi a neman kuɗin sabuwar oda. Ta rubuta wa wuraren ba da tallafi guda biyu, ba a ɗauke ta ba. Ɗaya ya ba da dalili: tsarin bai nuna abin da zai ƙara a kan ɗimbin binciken da aka riga aka yi da wannan enzayim ba. A wannan lokaci ne wasu abokan karatunta suka bar digirin, wani ya shiga jarrabawar aikin gwamnati, wata ta tafi waje. Ita ma ta yi wata uku ba ta leƙa ɗakin gwajin ba.

Farkon 2021: daga lantarki zuwa takarda

Malaminta ne ya kawo shawarar a bar na'urar lantarkin. Tun 2007 ƙungiyar George Whitesides a jami'ar Harvard ta nuna cewa takardar tace ruwa ta ɗakin gwaji za ta iya zama wurin yin gwajin launi. Takarda ba ta son wuta, ba ta son layi, kuma ɗigo kaɗan na enzayim take ci. Ƙaramar kwalba ɗaya, wadda wani malami ya riƙo a cikin kula da hannunsa daga tafiya, ta isa dubban gwaji in an raba ta tun ranar farko cikin ƙananan mazubai, ana narkar da ɗaya-ɗaya. Darasin firiza ke nan na farko da ta yi aiki da shi.

Masu wannan fanni sukan zana iyakoki a kan takardar da firintar kakin zuma. Ba ta da ita. Ta gwada kakin kyandir, ya riƙa malalewa ba daidai ba. A ƙarshe ta ɗauki abin huda takarda na ofis, ta riƙa fitar da ƙananan da'irori tana manna su a kan farar roba.

Launin rawaya ya ba ta wahala. Ruwan wankin wake da kansa yana da ɗan rawaya-rawaya, jan wake kuma ya fi. Da ta gwada albasa, wadda ake nomawa sosai a Marwa da Garwa, sinadaran sulfur na cikinta suka rikita gwajin gaba ɗaya. Sai ta sauya zuwa wani sinadari, indoksil asetet. In enzayim ya sare shi, iska ta taɓa abin da ya fito, sai ya zama shuɗi, kuma shuɗin nan shi ne ainihin sinadarin baba da marina ke rini da shi. Ƙa'idar ta zama mai sauƙi: a jiƙa wake a ruwan gishirin fosfet mai daidaita tsami, a girgiza, a ɗiga a takarda, a jira minti goma, a ƙara sinadarin launi. Shuɗi na nufin enzayim na aiki, ba guba. Fari na nufin an toshe shi.

Don auna zurfin shuɗin ta yi amfani da kyamarar waya da manhajar ImageJ, wadda kyauta ce. Hotunan farko ba su yi amfani ba, domin waya tana gyara haske da kanta, takarda ɗaya ta ba da lamba ɗaya da safe, wata da yamma. Wani kafinta ya yi mata ƙaramin akwati baƙi da rami a sama daidai idon kyamara, aka sa fitilar LED mai batir a ciki. Daga nan lambobin suka daidaita.

Afrilun 2021: gwajin kasuwa na farko

Ta shirya takardu a ɗakin gwaji, ta zuba su a ambulan, ta hau mota zuwa Garwa, inda zafin Maris da Afrilu ke kai digiri 40 har ya wuce. Takardun sun yi kwana huɗu a jakarta kafin kawunta ya haɗa ta da abokan sana'arsa. Ta sayi kwano-kwano daga rumfuna dabam-dabam, ta yi gwajin a bayan shagonsa.

Duk takardun suka fito fari. Har da waken da kawun ya ciro daga buhu mai ruɓi uku, wanda shi da kansa ya ɗaure bakinsa tun kaka ba tare da ɗigon magani ba. Irin wannan buhu, da ake kira PICS, leda biyu ne a ciki da buhun saƙa a waje, yana kashe ƙwaro da rashin iska. Asalinsa ma daga wannan yanki ne: binciken da Larry Murdock na jami'ar Purdue ya yi da masanan aikin gona na Kamaru a arewacin ƙasar tun ƙarshen shekarun 1980.

Wani dattijo da ke zaune ya dubi takardun ya ce, "'Yata, in takardar nan gaskiya take faɗa, to duk garin nan mun ci guba mun ƙoshi." Ta ce, "Baba, a yi mini haƙuri, sai na koma na duba." Ta ɗiga ruwa zalla a kan takardar da ta rage. Ita ma fari.

Zafi ya kashe enzayim ɗin tun a jaka. Kuma a wannan tsari, mataccen enzayim da wanda guba ta toshe kamarsu ɗaya. Takardar da ta lalace ba shiru take yi ba, tuhumar mai wake take yi.

Mayu 2021 zuwa damina ta 2022: binciken zafi

A nan aikin ya canza fuska. Ta ajiye maganar kasuwa, ta sa tambaya ɗaya a gaba: kwana nawa takardar ke rayuwa, a wane zafi, a wane danshi. Ta raba takardu gida uku, digiri 4 a firji, 25 a ɗaki, 40 a tandun ɗakin gwaji, tana ciro wasu kowane mako tana aunawa tana rubutawa. Aiki ne mai gundura, kuma shi ya cinye fiye da shekara.

Takardar da aka busar da enzayim zalla a kanta ta rasa yawancin ƙarfinta cikin mako guda a digiri 40. Ƙara furotin na jinin saniya ya taimaka kaɗan. Sukarin shayi ya ɗan ƙara. Wanda ya yi tasiri sosai shi ne wani sukari mai suna tirehalos, wanda aka daɗe da sanin yana kare furotin in an busar da su tare, domin yakan daskare kamar gilashi ya riƙe surar furotin ɗin.

Ta kuma gwada tukunya cikin tukunya, dabarar da Mohammed Bah Abba, malami daga arewacin Najeriya, ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000: ƙaramar tukunya a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, tururin da ke fita yana janye zafi. A bazara cikin tukunyar ya yi sanyi sosai, amma takardun suka lalace fiye da na waje. Danshi ne ya ci su. Tirehalos in ya sha ruwa sai ya yi laushi, kariyar ta tafi. Da ta rufe takardun a kwalba tare da ƙwayoyin silika masu shan danshi, irin waɗanda ake gani a kwalin sabon takalmi, sakamakon ya juya. Abin da ba ta zata ba shi ne, kwalbar da ke da silika ko ba a sa ta a tukunya ba, takardunta sun kai wata biyu a digiri 40 suna ba da shuɗi mai karantuwa. Da damina ta zo, tukunyar ta kusan daina sanyaya komai saboda iska ta cika da ruwa, kwalbar kuwa ta ci gaba da aikinta.

Gyara na biyu ƙarami ne: kowace roba ta koma da'ira biyu, ɗaya ta samfur, ɗaya ta ruwa zalla. In ta ruwan ba ta yi shuɗi ba, a jefar da gwajin, kada a ce wa kowa komai.

A wannan tsakani ta gano iyakar abin nata. Ta zuba sanannen adadin wani maganin ƙwari, kulorfirifos, a wake mai tsabta, takarda ta yi shuɗi kamar ba komai. Dalilin a sinadarin yake: shi da ɗan uwansa malatiyon suna ɗauke da sulfur a inda dikulorbos ke da iskar oksijin, kuma sai jiki ya sauya su kafin su toshe enzayim da ƙarfi. Ɗan ruwan buromin mai rauni yana yin wannan sauyi, sannan a kashe ragowarsa da bitamin C don kada shi ma ya ƙona enzayim. Ya yi aiki a ɗakin gwaji, amma mataki ne da ba za a miƙa wa mutum a rumfar kasuwa ba. Magungunan gidan sifametirin, waɗanda ake yawan fesa wa auduga, takardar ba ta ganinsu sam, domin ba ta wannan hanya suke kashe ƙwaro ba.

2022: maƙalar da aka mayar, da wata uku a waje

Maƙalarta ta farko ta dawo da ƙin karɓa. Masu tantancewa ba su yi gardama da binciken zafin ba. Abin da suka tambaya shi ne: da me aka kwatanta? Babu samfur ko ɗaya da aka auna da takardar sannan aka auna da kuromatografi.

Wannan karon takardar neman tallafin da ta rubuta ta bambanta da ta 2020. Tana da bayanan shekara guda kan abin da ɗakunan gwaji masu na'urar sanyaya ɗaki ba su cika damuwa da shi ba. Ta samu gurbin wata uku a wani ɗakin gwaji a ƙasar waje. Irin waɗannan gajerun gurabu ƙungiyoyin tallafa wa karatu da bincike kamar TWAS da OWSD da AUF da DAAD suna bayarwa, kuma ga mai aure ko mai aikin da ba za ta iya bari ba, sun fi tafiyar shekara huɗu sauƙin ɗauka.

Kwatancin farko bai daidaita ba. Waken da takarda ta nuna da guba a Garwa, na'urar kuromatografi ta samu kaɗan a cikinsa. Dikulorbos sinadari ne mai saurin tashi a iska da saurin rushewa, kuma samfuran sun yi makonni a hanya. Sai aka sake tsari: a raba samfur ɗaya gida biyu, a gwada da takarda da na'ura a rana ɗaya. A can ta koyi hanyar tatsar samfur ta QuEChERS, wadda aka wallafa a 2003, da ƙa'idojin da ake bi kafin a yarda da kowane awo: a zuba sanannen adadi a ga nawa aka dawo da shi, inda ƙa'idar Turai ke karɓar kashi 70 zuwa 120 cikin ɗari, a maimaita a ga ko lambobin suna kusa da juna, a lissafa mafi ƙarancin abin da hanyar ke iya gani daga rawar da awon wofi, wato na samfurin da ba magani a cikinsa, ke yi.

Sakamakon ya fito a fili. Takardar tana kama waken da aka yi wa ruwan fiya-fiya kwanan nan. Ba ta kai ga miligiram 0.01 a kilo ba, kuma ba ta faɗin wane magani ne. Haka ta rubuta a maƙalar, aka karɓa.

2023 zuwa yau

Ta kare kundinta a ƙarshen 2023, bayan zagayen ɗaukar mutum 2,000 ya wuce. Aikin da ta samu a wani kamfanin sarrafa abinci ne, a ɗakin duba inganci. A ganawar ɗaukar aiki ba a daɗe a kan takardar ba. An tambaye ta yadda ake tabbatar da hanyar awo, da yadda ake riƙe rajistar na'urori bisa ISO 17025, ƙa'idar duniya ta ingancin ɗakunan gwaji. Tana kuma koyar da wasu awoyi a jami'a, inda ɗalibai ke yin takardar a darasin aikin hannu.

Takardar ba ta shiga kasuwa ba. Babu mai ƙera ta da yawa, babu hukumar da ta yi mata rajista, kuma ba a warware wanda zai biya kuɗinta ba, mai sayar da wake ko mai saye.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Tsarin 2019 ya faɗi ne tun a rubuce, ba a firiza ba. An kwafo shi daga wuraren da sanyi da wuta ba abin tunani ba ne, kuma ko da ya yi nasara, maƙala ce guda a cikin ɗaruruwa irinta. Wanda ya ƙi ba ta tallafi a 2020 bai zalunce ta ba. Shekara biyu sun tafi kafin a gane cewa zafin da ake ɗauka cikas shi ne kaɗai abin da take da shi wanda manyan ɗakunan gwaji ba su da shi, kuma laifin wannan jinkiri ya fi rataya a kan yadda ake zaɓa wa ɗalibai batu daga abin da ake yayi a mujallu.

Zuwa kasuwa a Afrilun 2021 ba tare da da'irar ruwa zalla ba ganganci ne, domin gwajin wofi shi ne abu na farko da ake koya wa mai wannan fanni. An yi sa'a a bayan shagon kawu aka yi. Da a gaban masu saye ne, ko a hannun jami'in da ke da ikon ƙwace kaya, da an ɓata wa mutane suna a kan takardar da ta mutu a jaka. Duk mai ƙera gwajin da rashin launi ke nufin laifi, wannan haɗari yana wuyansa.

Tafiya waje ta yi amfani saboda ta zo bayan an samu bayanai, kuma da tambaya ɗaya. Da ta tafi a 2019, da ta dawo da ƙwarewa a kan na'urar da ba za ta sake taɓawa ba.

Game da wake kuwa, sai a faɗi gaskiya: buhu mai ruɓi uku ya fi takardar magance matsalar, domin yana hana zuba maganin tun farko. Inda takardar za ta yi amfani shi ne wurin mai sayen buhuna da yawa, kamar makarantar kwana ko kamfani, ya tace kaya da ita, ya aika waɗanda suka fito fari zuwa kuromatografi. Wannan kuma yana bukatar ɗakin gwaji mai irin na'urar a kusa, wanda samfur zai isa cikin kwana ɗaya ko biyu kafin dikulorbos ɗin ya tashi.